Numfashin Mai Layi

Shagon askin yana tsakanin kantin magani da ɗakin masu gyaran waya, daidai inda motocin haya suke juyawa. Kujeru biyu ne a ciki, da dogon madubi da ya cinye bangon gaba, da benci na masu jira. Kujerar bakin taga ta Mai Layi ce, don ya ce reza ba ta son hasken ƙwan lantarki. Ta ciki kuwa ta ƙaninsa ce, wanda har yau ake kira Ƙarami, duk da tumbin da ya ajiye da furfurar da ta cinye masa saje.

Aikinsa ne ya ba shi sunan. Rage gashi da inji kowa na iyawa, amma gyaran fuska, wato fitar da layin goshi da na saje da gefen gemu da reza, a nan ake gane mai aski. Shi ba ya zana alli, ba ya auna komai. Zai dafa kan mutum da yatsu uku, ya karkata shi kaɗan, ya ja reza sau ɗaya, layi ya fito kamar an ɗora rula. Akwai masu wuce shagunan aski huɗu su zo su zauna a bencinsa awa guda, saboda minti biyar ɗin nan na ƙarshe.

Bai shiga sana'ar da wuri ba. Sai da ya yi shekara shida yana dakon buhuna a wani sito, sannan, yana ɗan shekara ashirin da biyar, ya shiga hannun wani tsohon mai aski marar yawan magana. Ƙa'idar tsohon ɗaya ce: in reza ta taɓa fata, numfashi ya tsaya, sai ta ɗaga. Yakan ce in ƙirji ya motsa kafaɗa za ta motsa, in kafaɗa ta motsa hannu zai bi ta. Da ya hango ƙirjin mai koyo ya ɗaga, sai bayan mataji a kan yatsu. Mai Layi ya sha matajin har abin ya zauna masa, ya manta ma cewa wani abu ne da yake yi. Da ya zo koya wa Ƙarami, ƙa'idar ba ta kama ba, don Ƙarami ko a bakin maƙogwaron mutum yake sai ya ƙarasa labarin da ya ɗauko.

Da rezar nan ya yi aure, da ita ya riƙe tagwayensa mata har suka gama karatu suka tafi gidajensu. Matarsa, Uwar Biyu, tana ɗinki a gida, kuma ita ce ta fara lura cewa mijinta ya daina waiwaye. In aka kira shi ta baya, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar an ɗaure masa katako a wuya. Yana da shekara hamsin da shida a lokacin. Ciwon kai ya zama abokin yammacinsa, yatsunsa biyu na dama suna yin tsami su mutu su farfaɗo, kuma zuciyarsa ta dawo kusa. Cokali in ya faɗi sai ya yi tsaki. Bai gaya wa kowa ba, sai man zafi da yake shafawa a ɓoye, wanda ko makaho ya shigo ɗakin zai san an shafa.

Ranar wata Laraba da hantsi, yana yi wa Hedimasta gyaran fuska, wani tsohon shugaban makaranta da ya shekara ashirin yana zama a kujerarsa. Ya zo bayan kunne, ya ɗauke numfashi kamar kullum, sai idonsa ya yi duhu na ɗan lokaci, yatsun nan biyu suka saki. Yankan bai kai faɗin farce ba, amma kunne wurin jini ne, farin tawul kuwa ba ya rufa asiri.

"Mai Layi, yau da jan biro ka ja min layin?" in ji Hedimasta, yana dariya yana danna auduga. Masu benci suka taya shi. Dariyar ba ta hana komai ba. Tun daga ranar Hedimasta bai sake zuwa ba, in sun haɗu a titi sai gaisuwa mai daɗi, kansa kuwa da sabon askin wani shago.

Da yamma, da benci ya yi fili, Ƙarami ya kashe rediyo.

"Yaya, ina da magana, amma kar ka hau ni."

"In ka san zan hau ka, ka riƙe abarka."

"Sati uku ina kallonka ta madubi. Bayan kowane kai sai ka yarfe hannu. Shekaranjiya na ga ka dafa kujera. Yau kunne ne, Allah ya taƙaita. Gobe in a maƙogwaro ne fa?"

Mai Layi ya ci gaba da karkaɗe buroshi.

"Ka riƙe inji," Ƙarami ya ce. "In an zo gyaran fuska ka turo min, har hannun ya dawo."

"Kai da na koya wa riƙe reza?"

"Shi ya sa na san yadda take zama a hannun mai lafiya."

Mai Layi ya ajiye buroshin. Ya wanke rezar, ya cire mata kaifin, ya goge ta, ya sa a durowa da hannunsa. Shi mutum ne da ba ya gardama da abin da ya gani da idonsa, jinin kuwa ya gan shi. Amma makonnin da suka biyo baya sun yi masa nauyi. Zai gama rage gashi, ya cire wa mutum mayafi, ya ce, "Koma can a ƙarasa maka," kamar wanda ya dafa abinci aka hana shi zubawa. Layin Ƙarami ba laifi, sai dai in ka san na yayansa, ka san akwai tazara.

Uwar Biyu ce ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Aka yi hoto, aka auna jini. Likita ya ce ba abin tayar da hankali a ƙashi, amma jini ya ɗan hau, naman wuya da na kafaɗa kuma sun ɗaure tamau har suna takura jijiyar hannu. Ya rubuta ƙwayoyi, ya tura shi sashen gashin ƙashi da motsa jiki. A can, bayan sati biyu ana gasa masa wuya, aka sa shi a ajin safe, Litinin da Laraba da Asabar. Yoga ake yi, wato miƙe jiki da sarrafa numfashi.

"Irin wadda ake naɗe ƙafa a wuya?" ya tambayi matarsa a hanya.

"Kai da ba ka iya ɗaure igiyar takalmi sai ka nemi kujera, wa zai naɗe ka? Ka dai je, Malam."

Ɗakin dogo ne, da fanka biyu da shimfiɗun roba a jere. Mutum tara ne a ajin, mafi yawansu sun ba hamsin baya. Mai koyarwar ma'aikaciyar sashen ce, ba ta wuce sa'ar tagwayensa ba, kowa yana ce mata Malama. Kafin ya cire takalmi ya ja ta gefe.

"Malama, ni fa ba na durƙusa wa kowa sai Mahaliccina."

"Baba, ni ma haka. A ɗakin nan jiki muke miƙewa, mu koyi numfashi. Duk abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, ka faɗa min in canja maka."

Ya kuwa faɗa. Akwai wani zama da ake yi a kan dugadugai a kai goshi ƙasa, ya ce wannan ban da shi. Ba ta ja ba, ta sa shi ya kwanta rigingine ya rungumo gwiwoyinsa, ta ce bayansa zai samu abin da yake nema.

A yawancin abubuwan shi ne na baya. In aka ce a sunkuya a taɓa ƙasa, yatsunsa a gwiwa suke tsayawa. Amma da aka zo tsayuwa da ƙafa ɗaya, a ɗora tafin ɗayar a ƙwauri a ɗaga hannuwa, sai mutumin ya zama wani abu. Kowa na tangaɗi yana dafa bango, shi kuwa kamar an dasa shi. Maƙwabcinsa a shimfiɗa, wani direban bas mai sanƙo da ciwon baya ya kawo, ya ce, "Dattijo, a gidanku shamuwa ce ta yi renonka?" Ranar da daɗi Mai Layi ya koma shago.

A zuwa na uku Malama ta tsawaita tsayuwar. Yana tsaye ƙyam, yana jin sauran suna sauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sai duhun nan ya dawo. Bai san lokacin da ya tafi ba, sai jin kansa ya yi zaune a kan cinyar Direba.

"Dattijo, ko a bas sai an tambaya kafin a zauna wa mutum a cinya."

Malama ta ba shi ruwa, ta auna jininsa, ta jira har idonsa ya washe.

"Baba, tun da ka ɗaga ƙafa ban ga cikinka ya motsa ba. Numfashi kake riƙewa?"

"To da me ake tsayawa cak?" Ya yi mamakin tambayar ƙwarai. Ya ba ta labarin tsohon ubangidansa da mataji, yana faɗa da alfahari, don a wurinsa sirrin sana'a yake ba ta kyauta.

Ta ciro mataji daga jakarta ta miƙa masa. "Nuna min yadda kake yi. Direba, ara mana kanka."

"Kan da ba gashi? To, Allah ya sa a samu layi."

Mai Layi ya dafa sanƙon da yatsu uku, ya ɗora bakin mataji a goshi, ya ja a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Malama tana kallon agogo.

"Daƙiƙa talatin da bakwai," ta ce. "Ko sau ɗaya ba ka shaƙa ba. Kuma kar ka motsa, taɓa kafaɗarka da hannun hagu ka ji inda take."

Ya taɓa. Kafaɗar ta haura har tana neman kunnensa, ta yi tauri kamar dutse.

"Kai nawa kake yi a rana?"

"Goma sha biyar. Ranar Asabar ashirin."

"Shekara nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Ba zan ce shi kaɗai ya jawo maka ba. Tsayuwa da sunkuyo suna da nasu kason. Amma duk lokacin da ka ɗauke numfashi, wuyanka ne yake riƙe maka hannun, shi kuwa ya gaji. Ka gwada jan rezar a lokacin da numfashi yake fita a hankali."

"Malama, ke jiki kika karanta, ni reza na karanta. In ƙirji ya motsa, hannu ya motsa."

"Ban taɓa riƙe reza ba, gaskiya ne. To ka gwada, ka zo ka ƙaryata ni a gaban aji."

Wannan ya yi masa. A hanyar gida ya sayi ƙunshin balan-balan, don da shi aka koya masa aski tun farko: a hura, a shafa masa kumfar sabulu, a kwashe kumfar da reza ba tare da ya fashe ba. Ya ɗauko tsohuwar rezarsa ta gida, ya zauna a tsakar gida, ya matse balan-balan ja tsakanin gwiwoyi. Ya fara yi yadda ya saba, ya kwashe kumfar tas. Sannan ya sake shafawa, ya shaƙa, ya fara fitarwa yana ja. Bai kai rabi ba numfashin ya ƙare, ya zuƙo wani da ƙarfi, balan-balan ya tashi, kumfa ta wanke masa fuska.

Uwar Biyu ta leƙo daga bakin keken ɗinki. "Malam, wannan ma ba zai dawo shagon ba."

A satin farko goma sha ɗaya ya fasa. Da ya so, da nan ya ɗauki hujjarsa ya kai aji. Amma shi ma'aikaci ne, kuma ya lura da wani abu: ba a lokacin fitar numfashi suke fashewa ba, sai a lokacin da numfashin ya yanke masa a tsakiyar layi. A 'yan daƙiƙun farko kuwa, hannun yana tafiya sumul, kafaɗar tana ƙasa, yatsun ba sa tsami. Ashe laifin gajartar numfashinsa ne. Layin goshi yana son wanda ya fi haka tsawo.

Daga nan ya ɗauki ajin kamar yadda ya ɗauki shagon tsoho. Abin da a da yake gani kwanciyar banza ce, wato a kwanta rigingine a ɗora hannu a ciki, a shaƙa ana ƙirga huɗu a fitar ana ƙirga shida, shi ya zama babban darasinsa. Ya kai takwas, ya kai goma sha biyu. Ya raba layin goshi gida biyu, ya koyi ɗaga reza a tsakiya, ya shaƙa, ya mayar da ita daidai inda ta tsaya. Kullum bayan sallar asuba sai ya shimfiɗa bargo a falo, ya dafa ƙasa da hannuwa da gwiwoyi, ya ƙudundune baya kamar kyanwa, ya sake shi, ya karkata wuya dama da hagu a hankali. A shago ma, tsakanin kai da kai, yakan dafa bango ya buɗe ƙirji, ya sauke kafaɗu. Masu benci suka yi tsiyarsu har suka gaji.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, kuma bai zo ko'ina ba. Gwiwarsa ta hagu, da ta daɗe tana masa ciwo, tana nan yadda take, har yau ba ya taɓa ƙasa da yatsu. Amma a wata na biyu ya waiwaya a titi don ganin mota, sai da ya tsallaka ya gane wuyansa kaɗai ya juya. Ciwon kan yamma ya koma na jefi-jefi. Barci ya fara ɗaukarsa da wuri. Da ya koma awo likita ya ce jinin ya sauka, ya ci gaba da ƙwayoyin da abin da yake yi, kar ya bar ko ɗaya. Uwar Biyu ta gaya wa tagwayen a waya, yana ji, cewa kwana goma ke nan ba ta ji tsakin babansu ba, har ta fara tunanin ko an canja mata miji a asibiti. Shi abin da ya fi lura da shi daban ne. In ya ce wa mutum ya koma kujerar Ƙarami, wani ƙulli da ke tokare masa ƙirji yana zuwa har yanzu, amma yanzu ya san yadda ake fitar da shi ta hanci.

A aji ya cika alkawari, sai dai ba yadda ya so ba. Ya miƙe ya ce, "Malama, na zo in ƙaryata ki, abin bai yiwu ba. Amma shi ma tsohona bai yi ƙarya ba, in ka zuƙa da ƙarfi hannu yana motsi."

"Na karɓi rabin," ta ce.

Bai roƙi Ƙarami komai ba. Ya bari har wata na huɗu, har ya yi sati uku bai fasa ko ɗaya ba. Ranar wata Talata da safe, ba kowa a benci, ya buɗe durowa ya ciro rezar, ya sa mata sabon kaifi, ya ajiye a gaban madubi.

Ƙarami ya dubi rezar, ya dubi yayansa. Ya shafa gemunsa da ya kwana biyar ba gyara. Sannan ya zagayo ya zauna a kujerar bakin taga, ya ja mayafi ya ɗaura da kansa.

"In za a yanka wani, gara ɗan gida."

"Ka yi shiru dai, in ka iya."

Ya shafa kumfa, ya dafa kan da yatsu uku. Ya shaƙa har ciki, ya sauke kafaɗa, ya fara fitarwa, rezar ta bi. A tsakiyar goshi ya ɗaga, ya shaƙa, ya mayar. Ya sauko saje, ya zagaya bayan kunne, ya ɗaga haɓar ya shiga ƙarƙashin gemu, inda fata ke motsi in mutum ya haɗiyi yawu. Ƙarami ya rufe ido, a karon farko a rayuwarsa bai da labari. Yatsun ba su saki ba, duhu bai zo ba.

Da aka goge kumfar Ƙarami ya matsa kusa da madubi, ya juya dama, ya juya hagu, ya bi layin da ɗan yatsa tun daga goshi har haɓa. Ya daɗe yana neman aibin da zai faɗa.

"Ka ƙara jinkiri, Yaya."

"Na ƙara."

"Kuma kana hura wa mutum iska a kunne kamar fanka."

"Layin fa?"

Kafin Ƙarami ya amsa wani baƙo ya shigo da jaka a kafaɗa, yana duba agogo. Ya ce gyaran fuska kawai yake so, yana da ganawar neman aiki ƙarfe goma, waye zai yi masa?

Ƙarami ya kwance mayafin, ya karkaɗe shi, ya tashi daga kujerar.

"Zauna nan," ya ce. "Yayana zai yi maka. Ba ya sauri, amma za ka isa a kan lokaci."